Yadda Ake Shiga Wasannin Rubutu na Intanet da Yadda Ake Zaɓen Wanda Za a Zauna a Ciki

Akwai wani nau'in wasan intanet da babu hoto ko guda a cikinsa. Wasan zai rubuto maka cewa kana tsaye a bakin ƙofar wani gari, hanya ɗaya ta yi arewa, wata ta yi gabas, ga mai gadi can yana gyangyaɗi a kan benci. Kai kuma sai ka rubuta abin da kake son yi, ya mayar maka da amsa a rubuce. A daidai wannan lokacin akwai wasu mutane, wani a Amurka, wani a Jamus, wani a Indiya, da suke yawo a cikin garin nan tare da kai, suna ganin shigowarka, suna iya gaishe ka, su yi ciniki da kai, su taya ka faɗa, ko kuma, a inda dokar wasan ta yarda, su far maka. Sunan da aka fi sanin waɗannan wasanni da shi shi ne MUD, kuma sun girmi duk wasannin taron jama'a masu hoto da matasanmu ke bugawa a waya yau.

Wani ɗalibi ne mai suna Roy Trubshaw ya fara rubuta na farkonsu a 1978 a Jami'ar Essex da ke Ingila, a kan wata babbar kwamfuta samfurin PDP-10, daga baya Richard Bartle ya karɓi aikin ya faɗaɗa shi. Daga nan iri ya bazu: AberMUD a 1987, TinyMUD da LPMud a 1989, sai DikuMUD da wasu ɗaliban Jami'ar Copenhagen ta ƙasar Denmak suka fitar a 1991. Sanin wannan salsala yana da amfani ga mai shirin shiga, domin mafi yawan wasannin da ke raye a yau jikokin ɗaya daga cikin gidajen nan ne, kuma da zarar ka gane gidan da wasa ya fito, ka san rabin umarninsa da kuma irin rayuwar da za ka tarar a ciki.

Ga mazaunin Katsina ko Daura, abin da ya fi jan hankali shi ne arha. Harafin Turanci ɗaya bayit ɗaya ne, ke nan megabayit guda yana ɗaukar haruffa wajen miliyan ɗaya, don haka datar da gajeren bidiyo guda zai lashe a TikTok ta isa mutum ya yi dogon zama yana wasa. Tsohuwar waya da ta gaji tana ɗaukarsa, haka ma kwamfutar da aka jingine saboda nauyin sababbin manhajoji. Sharaɗin kawai shi ne karatu: mafi yawan wasannin da Turanci ake yin su, ko da yake akwai na Jamusanci da na Sifaniyanci da na Sinanci, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wuya a makon farko, amma zai ga yadda kalmomi ke zauna masa a kai saboda yawan maimaici.

Kayan aiki

Abu uku ake buƙata: na'ura, manhajar shiga, da adireshin wasan. Adireshin kashi biyu ne, sunan sabar, wato kwamfutar da wasan ke zaune a kanta, da kuma lambar ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Misali, ana shiga Aardwolf ta aardmud.org a lamba 4000, ana shiga Achaea ta achaea.com a lamba 23, Alter Aeon kuma ta alteraeon.com a lamba 3000. Idan aka rubuta suna daidai aka kuskure lamba, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Mai kwamfuta ya sauko da Mudlet. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana zuwa da jerin wasu sanannun wasanni a shirye ta yadda dannawa kawai za ka yi, kuma tana iya zana maka taswirar inda ka bi. MUSHclient ita ma tsohuwar hannu ce ga masu Windows, har Aardwolf yana da tasa da aka yi wa kwaskwarima musamman dominsa. Mai wayar Android da ba ya tsoron baƙin allo zai iya sauko da Termux, ya rubuta pkg install tintin++, sannan ya rubuta tt++ don buɗe ta, ya shiga wasa da layi guda kamar haka: #session aard aardmud.org 4000. Wanda duk wannan ya yi masa yawa ya duba shafin wasan da kansa, domin da dama daga cikinsu suna da wurin da ake dannawa a yi wasa kai tsaye a cikin burauza. A ganina da burauzar ya kamata sabon shiga ya fara, saboda babu dalilin ɓata yini wajen saita manhaja don wasan da wataƙila ba zai kwana biyu a cikinsa ba.

Kalma ɗaya game da madannai. Wasa ne na rubutu da sauri, kuma madannan gilashin waya suna cinye rabin allo, ga kuma gyaran kalma da wayar ke yi da kanta, wanda kan mayar da umarni wata kalma dabam a lokacin da ake tsaka da faɗa. A kashe wannan gyaran tun farko. Wanda ya ga zai daɗe ya nemi ƙaramin kibod na Bluetooth a wurin masu kayan waya.

Ƙirƙirar jarumi

Da ka shiga, abu na farko da za a tambaye ka shi ne sunan jaruminka, wato wanda zai wakilce ka a cikin wasan. Kada ka sa sunanka na yanka. Yawancin wasanni suna ƙin sunan da ke da lamba a ciki, ko sunan wani shahararren mutum, ko kalmar ƙamus, kuma tsofaffin sabar ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, don haka sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ko alamar 'y ba zai karɓu ba a mafi yawan wurare. Tsofaffin sunayen Hausa suna shiga lafiya, kuma da wuya ka tarar wani ya riga ka: Jatau, Nomau, Tanko, Dogara, Kande, Delu, Tabawa. Ina ba da shawara da babbar murya cewa kada a sa sunan wani Annabi ko sahabi, domin jarumin nan za a doke shi, za a kashe shi, kuma wasan zai shelanta wa kowa hakan da sunansa.

Sai kalmar sirri. Tsohuwar hanyar sadarwar da wasannin nan ke bi, wato telnet, ba ta ɓoye abin da ke wucewa ta cikinta, saboda haka kalmar sirrin da za ka sa ta zama wadda ba ka amfani da ita a imel ko Facebook, balle manhajar banki. Wasu wasannin suna da ƙofa ta biyu mai tsaro da ake kira TLS ko SSL. Idan akwai, ita za a bi.

Daga nan za a ce ka zaɓi jinsi da sana'a. Jinsin yakan haɗa da mutum da wasu halittun almara, gajeru masu ƙarfi ko dogaye masu kaifin basira, sana'a kuwa galibi ba ta wuce mayaƙi, ɓarawo, mai sihiri da mai warkarwa, sai rassan da kowane wasa ya ƙara. Jarumin farko ya zama mutum kuma mayaƙi. Yana da yawan jini, umarninsa kaɗan ne, kuma kuskure ba ya kashe shi nan take, alhali mai sihiri a hawan farko sanda biyu ta ishe shi. Ba a nan ake yanke hukuncin ƙarshe ba, domin kusan kowa yakan watsar da jarumin farko ya sake wani bayan ya gane kan wasan.

Sa'ar farko

Duniyar wasan a yanke take gida-gida, kuma kowane yanki ana ce masa ɗaki, ko da fili ne ko tsakiyar kogi. Da za a gina Katsina a ciki, Ƙofar Soro ɗaki guda ce, gindin hasumiyar Gobarau ɗaki guda, hanyar da ke tsakaninsu kuma a raba ta ɗakuna biyar ko shida. Abin da za ka gani a allo zai yi kama da wannan, sai dai da Turanci:

Bakin Kasuwa
Rumfuna sun yi layi hagu da dama, ƙamshin burodi yana tasowa daga wani shago a gabas.
Hanyoyin fita: arewa, kudu, gabas.
Wani kare mai ƙazanta yana shinshina shara a nan.
Jatau ya iso daga kudu.
<20hp 100m 100mv>

Layin farko sunan ɗakin ne, na biyu bayaninsa, na uku hanyoyin da za ka iya bi. Karen nan kwamfuta ce ke tafiyar da shi, Jatau kuwa mutum ne irinka. Layin ƙarshe shi ne wanda idonka zai saba komawa gare shi: lambar farko jininka ne, wanda idan ya ƙare ka mutu, ta biyu ƙarfin sihiri, ta uku ƙarfin tafiya, wanda ke raguwa da kowane taku har sai ka zauna ka huta.

Umarnin da za su riƙe ka a ranar farko ba su da yawa. Ana rubuta look don sake ganin ɗaki, ko look tare da sunan abu don duba shi da kyau. Tafiya da harafi ɗaya ake yi: n arewa, s kudu, e gabas, w yamma, u sama, d ƙasa. Umarnin inventory yana nuna abin da ke hannunka, score yana nuna matsayinka, get da drop na ɗauka da ajiyewa ne, wear na sa tufa ko sulke, wield na riƙe makami. A cikin shago list zai nuna kaya da farashi, buy ya saya. Magana kuwa say ce ga waɗanda ke ɗaki ɗaya da kai, tell tare da suna ga mutum guda ko yana ina, who kuma ya jero maka duk wanda ke cikin wasan a lokacin. Uban su duka shi ne help, wanda idan ka haɗa shi da kowace kalma zai kawo bayaninta.

Kusan kowane wasa yana da makarantar sababbin shiga, inda ake koya waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, a ba ka makami da 'yan kuɗi. Kada ka tsallake ta. Bayan ka fito, ka ɗauki takarda da biro ka riƙa zana akwati ga kowane ɗaki da layi ga kowace hanya, ko da manhajarka tana zana taswira, domin garin da hannunka ya zana ya fi zama a ka. Kuma ka karanta bayanin ɗaki har ƙarshe. Masu gina wasannin nan sukan ɓoye ƙofa ko maɓalli ko farkon wani aiki a cikin jimlar da mai gaggawa ke tsallakewa, kuma wanda ya saba duba hanyoyin fita kawai zai yi wata guda yana wuce abin da yake nema.

Faɗa, mutuwa da yankewar sabis

A wasannin gidan Diku ana samun maki ta hanyar kashe dodanni da cika ayyukan da aka ba ka, makin kuma shi ke ɗaga ka daga hawa zuwa hawa. Kafin ka taɓa kowace halitta ka rubuta consider da sunanta, wasan zai gaya maka ko sa'arka ce ko ta fi ƙarfinka. Idan ka gamsu sai kill. Daga nan faɗan yana tafiya da kansa zagaye bayan zagaye, aikinka shi ne lura da jini da jefa dabarun da ka koya. Idan abin ya juya, flee zai fitar da kai ta wata hanya da ba kai ka zaɓa ba, recall kuma a wasanni da yawa yana mayar da kai tsakiyar gari. Bayan faɗa rest ko sleep ke dawo da jini.

A nan ne halin da muke ciki ya bambanta da na wanda ke wasa da intanet mai igiya a Turai. A ce kana zaune a wurin mai caji a Ƙofar Ƙaura, ka shiga faɗa da wani dodo, jininka ya sauko rabi, sai kira ya shigo, ko ka leƙa WhatsApp na daƙiƙa goma, ko sabis ya yi ƙasa. Allonka zai tsaya cik, amma a can sabar faɗan bai tsaya ba. Jaruminka yana nan tsaye ana dukansa ba mai ba shi umarni. Kafin ka dawo ya zama gawa. Maganin wannan a wasannin da suka fito daga Diku shi ne umarnin wimpy: ka rubuta shi tare da lamba, misali kashi ɗaya cikin huɗu na jininka, kuma duk lokacin da jini ya sauko ƙasa da haka jarumin zai yi ƙoƙarin gudu da kansa. Tunda a sabar ake lissafin, yana aiki ko da wayarka ta mutu. Sai kuma ka shiga saitin batirin waya ka hana ta kashe manhajar idan ka koma wata, ka kuma guji fara babban faɗa da cajin da bai kai ya kawo ba ko gab da kiran salla.

Hukuncin mutuwa ya bambanta ƙwarai, kuma ya kamata ka rubuta help death tun ranar farko. A wani wasan ɗan maki kawai za ka rasa. A wani za ka farfaɗo a gari tsirara, kayanka suna can jikin gawarka, sai ka koma ka kwaso kafin ta ruɓe. Akwai kuma masu tsanani, inda mutuwa ɗaya ce tak, jarumin da ka yi wata shida kana renonsa ya tafi ke nan. Irin wannan na ƙarshe yana da daɗinsa ga masu son wasan kwaikwayo na gaske, amma ban ga hikimar shigarsa da datar waya mai zuwa da tafiya ba. Haka kuma ka binciki yadda ake fita: a wasu wuraren quit ya wadatar, a wasu kuwa, musamman tsofaffi, sai ka je masauki ka kama ɗaki, in ba haka ba ka dawo ka tarar kayanka sun zube.

Zama da mutane

Akwai tashar sababbin shiga a yawancin wasanni, kuma tsofaffin 'yan wasa suna son a tambaye su, muddin mai tambayar ya nuna ya duba help tukuna. Roƙon kuɗi ko kaya daga baƙo abin kunya ne a can kamar yadda yake a nan. Kada ka taɓa dodon da wani ya riga ya fara faɗa da shi, kada ka kwashe abin da ya faɗo daga gawar da ba kai ka kashe ba. A wasannin da ake kwaikwayo da gaske ana raba magana biyu: wadda jarumi ke yi a cikin labari, ana ce mata IC, da wadda kai mai waya kake yi, ana ce mata OOC. Jarumin da ke zaune a birnin almara bai san an ɗauke wuta a Sabuwar Unguwa ba, don haka irin wannan bayani ta tashar OOC ake yin sa.

Dokoki biyu sun fi kama mutanenmu ba da saninsu ba. Ta farko ita ce hana mutum ɗaya tafiyar da jarumi biyu a lokaci guda. Idan wa da ƙane suna wasa da datar waya ɗaya, sabar za ta gan su da adireshi ɗaya, masu kula kuma su zaci mutum guda ne ke ha'inci. Ranar da ƙanenka ya ce, "Yaya, ni ma buɗe mini nawa," ku fara aika wa masu kula da wasan saƙo ku bayyana cewa ku biyu ne a gida ɗaya. Ta biyu ita ce ta sarrafa kai. Manhajoji suna ba da damar gajarta umarni, wato alias, ta yadda harafi ɗaya zai tsaya a madadin dogon layi, kuma wannan halal ne kusan ko'ina. Suna kuma ba da damar trigger, inda manhajar ke mayar da martani da kanta idan ta ga wani rubutu. Wanda ya haɗa irin waɗannan har jaruminsa yana farauta shi kuwa yana barci ya karya dokar mafi yawan wasanni, kuma hukuncin yakan kai ga share jarumin.

Sunanka na gaskiya, unguwarku, lambar waya, lambar asusu, BVN da NIN, duk ba su da wurin zama a nan. Mace da ta ga wani ya dame ta tana da umarnin ignore a wasanni da yawa, tana kuma da damar kai ƙara wurin masu kula.

Yadda ake zaɓe

Wasannin da ke buɗe suna da yawa, kuma shafuka irin su The Mud Connector da Grapevine suna jera su, wasu har da ƙuri'ar masoya. Jerin yana da amfani wajen sanin sunaye, amma ƙuri'a tana nuna wasan da ya fi iya tara mutanensa su danna ne kawai. Zaɓen wasa ya fi kama da zaɓen majalisar da mutum zai riƙa zama da yamma: ba kyan benci ake dubawa ba, su wa ke zama, ƙarfe nawa suke haɗuwa, kuma wace irin hira suke yi.

Fara da sanin kanka. A 1996 Richard Bartle ya rarraba 'yan wasa gida huɗu: masu son tara maki da hawa sama, masu son bincike da gano abin da ke ɓoye, masu son hira da zumunci, da masu son gwada ƙarfi a kan 'yan'uwansu 'yan wasa. Ba wanda yake gida ɗaya zalla, amma bayan 'yan kwanaki za ka lura da abin da ke sa ka manta da agogo. Idan ganin lamba tana ƙaruwa ne, Aardwolf, wanda ke gudana tun 1996, an gina shi domin irinka: hawa 201 ne, idan ka ƙure sai ka sake farawa daga ƙasa da ƙarin sana'a, ga ayyuka da gasa ba dare ba rana. Idan siyasa da gaba tsakanin birane ke burge ka, Achaea, wanda aka buɗe a 1997, yana da birane da 'yan wasa ke mulki da kansu, da zaɓe da muƙamai, sai dai faɗan mutum da mutum a cikinsa ilimi ne mai zurfi da ke cin watanni. Mai son bincike ya leƙa gidan LPMud, kamar Genesis, wanda Lars Pensjö ya kafa a Suwidin a 1989, ko BatMUD na ƙasar Finlan da ya fara a 1990, wanda ya yi suna da faɗi da kuma rashin lallashin sabon shiga. Mai son rubuta labari tare da wasu, ba tare da damuwa da maki ba, ya nemi waɗanda sunansu ya ƙare da MUSH ko MOO, jikokin TinyMUD, inda mutane kan yi sa'a uku suna saƙa fage guda jimla bayan jimla. Waɗannan suna buƙatar Turanci mai ƙwari, wasunsu kuma na manya ne zalla, don haka a karanta ƙa'idarsu kafin a shiga.

Alter Aeon, wanda ya fara a 1995, ya cancanci ambato na musamman saboda kulawar da yake ba makafi. Tunda komai rubutu ne, manhajar da ke karanta allo da murya, irin su NVDA da ake samu kyauta, tana iya karanta wasan duka, kuma akwai tarin sautuka da aka shirya masa don sanar da mai wasa halin da yake ciki. Wanda yake da ɗan'uwa mai lalurar gani da ya iya Turanci ya nuna masa wannan.

Abu na biyu, wanda jerin Turawa ba zai gaya maka ba, shi ne agogo. Nijeriya tana gaban New York da sa'a biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da sa'a shida a sauran shekara, tana kuma gaban Kalifoniya da takwas ko tara. Ke nan lokacin da Ba'amurke ya dawo daga aiki ya zauna wasa da ƙarfe takwas na dare, a Katsina ƙarfe ɗaya ne ko biyu na tsakar dare. Idan lokacinka bayan sallar Isha'i ne, su suna ofis. Turai kuwa kusan tare muke: Suwidin da Jamus agogonmu ɗaya a lokacin sanyinsu, suna gabanmu da sa'a guda a lokacin zafi, Finlan tana gaba da ɗaya ko biyu, Ingila tana bayanmu da ɗaya ko kuma daidai. Wasan da ake yabo da cikar jama'a zai iya zama kango a sa'ar da kai kake da sarari. Inda sabar take ba shi ne hujja ba, domin 'yan wasa daga ko'ina suke zuwa. Hujja ita ce ka shiga a ainihin lokacin da za ka riƙa wasa, ranar aiki da kuma ranar Asabar, ka rubuta who, ka ƙirga, sannan ka yi sallama a tashar sababbi ka ga ko za a amsa. Mutum goma sha biyar masu amsa gaisuwa sun fi ɗari da suka bar jarumansu a tsaye suka tafi harkokinsu.

Na uku kuɗi. Aardwolf da BatMUD da Alter Aeon kyauta ake shiga. Achaea ma kyauta ne, amma kamfaninsa yana sayar da wasu maki da ake sayen ƙwarewa da kaya da su, wanda bai saya ba kuma sai ya yi haƙurin tarawa a hankali. GemStone IV da DragonRealms na kamfanin Simutronics an gina su a kan biyan kuɗin wata-wata, tare da wani sashe na kyauta mai iyaka. Duk biyan da dala ne. Tambayar da za ka yi wa tsofaffin 'yan wasa ita ce: wanda bai taɓa biyan ko sisi ba, ina yake tsayawa? Amsar da suka bayar, da yadda suka bayar da ita, za ta nuna maka abubuwa da yawa.

Na huɗu shi ne abin da labarin ya ƙunsa, kuma gara a faɗe shi a fili. Yawancin wasannin almara suna da sihiri, suna da gumakan ƙage da jarumi kan bi, wasu suna da umarnin yin addu'a gare su, har ma ana kiran ma'aikatan wasan alloli ko marasa mutuwa. Wasu suna da gidan giya da na caca a cikin gari, ko da kuɗin wasa ake yi. A wani wasan waɗannan abubuwa a gefe suke, mayaƙi zai yi shekara bai kusance su ba. A wani kuwa ba a ci gaba sai da su. Ka karanta help religion da bayanin sana'o'i kafin ka zuba lokacinka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da wasannin sararin samaniya da na kasuwanci da na tarihi, kuma tambayar malami ba ta rage komai.

Hanyar gwaji da nake ganin ta fi ita ce a ɗauki wasa uku daga gidaje dabam-dabam, a ba kowanne mako guda shi kaɗai. Zaman farko ba ya nuna gaskiyar wasa, domin makarantar sababbi an share ta an yayyafa mata ruwa. Sai ka fito fili, ka mutu sau ɗaya, ka ɓata a daji, ka nemi taimako, sannan za ka san inda kake. A ƙarshen kowane mako ka rubuta wa kanka amsar 'yan tambayoyi: ko akwai wanda ya riga ya san sunan jaruminka, ko rubutun ɗakunan yana sa ka karantawa ko tsallakewa kake yi, ko umarni yana dawowa da sauri a kan layinka, yaushe aka yi sabon gyara na ƙarshe, wanda umarnin news ko changes kan nuna, kuma yaya masu kula suke magana da wanda ya yi kuskure. Ka kuma duba ko ana iya tashi a bar wasan cikin minti biyu ba tare da asara ba. Wasu wasannin suna da farautar rukuni da ke ɗaukar sa'o'i, inda ficewar mutum ɗaya ke jawo mutuwar sauran, kuma wanda ke tashi salla ko ake aika a gida zai riƙa saɓa wa abokan tafiyarsa. A irin wannan hali ka gaya musu tun kafin a tashi cewa za ka dakata a lokaci kaza. Mafi yawansu za su tsara tafiyar da hakan.

Idan mako ukun suka cika, ka tsayar da ɗaya ya zama gida. Wasannin nan suna saka wa wanda ya zauna, domin ƙungiyar 'yan wasa ba ta ɗaukar wanda ake gani sau ɗaya a wata, kuma muƙami da amana da sanin lungunan duniya duk a hankali suke taruwa. Ana iya ajiye na biyu mai sauƙi, wanda ba ya neman alƙawari da kowa, don ranar da sabis ba shi da ƙarfi ko gidan ya yi shiru. Fiye da biyu kuwa umarni zai fara cakuɗe maka a hannu, ka rubuta na wancan a wannan a lokacin da kuskure ke da tsada.

Bayan ka zauna, ka kunna ajiyar rubutu a manhajarka don ta riƙa adana duk abin da ya wuce a allo, saboda kwatancen hanya da wani ya ba ka yau za ka neme shi bayan wata biyu. Ka rubuta adireshin wasan da lambar ƙofa da sunan jaruminka a takarda, ba a waya kaɗai ba. Wasu wasannin suna share ƙananan jarumai da aka daɗe ba a shiga da su ba, don haka idan jarrabawa ko azumi ko aikin gona zai ɗauke ka na wani lokaci, ka duba dokar wasan a kan haka, ka ajiye kayanka masu daraja a ma'ajiyar da wasan ya tanada, ka kuma bar wa shugaban ƙungiyarku saƙo da ranar da kake sa ran dawowa.